Tambaya da Amsa: Wane Fenti Ne Ke Jure Wutar Manifol da Salansa?

Wasiƙun wannan watan sun taru a kan abu guda, wato fentin da ake fesa wa salansa, musamman manifol, bututan nan da ke manne da tof ɗin injin suna tattara hayaƙin kowace silinda zuwa bututu ɗaya. Mafi yawan wasiƙun daga Zamfara da Kebbi suka fito. Mun zaɓi bakwai, masu amsa mana tambayoyin kanikanci da aikin fenti suka duba su.

Assalamu alaikum Malam. Ni direban haya ne, Golf 3 nake ja tsakanin Gusau da Funtuwa. Na sayi fentin gwangwani baƙi wanda aka rubuta 500 a jikinsa, mai shago ya ce na zafi ne. Na fesa wa manifol da salansa duka. Muna tayar da mota ya kama hayaƙi, kwana biyu na manifol ya zama toka, na tukunyar baya kuma yana nan. Jabu aka sayar mini?

Wa alaikumus salam, Malam direba. Da wuya a ce jabu ne. Koma ka ɗauko gwangwanin ka duba harafin da ke bayan lambar. Muna kyautata zaton F za ka gani, ba C ba. Kayan Amurka da ma'aunin Faranhait ake rubuta su, mu kuwa da Salshiyos muke lissafi, kuma tazarar da ke tsakaninsu babba ce. Digiri 500 na Faranhait digiri 260 ne kacal na Salshiyos. Lissafin shi ne ka cire 32, ka raba abin da ya saura da 1.8. In kana tsaye a shago ba ka da lokacin wannan, raba lambar gida biyu, za ka faɗa kusa da gaskiya: 1200 ya zama 600, ainihinsa wajen 650 ne, 2000 ya zama 1000, ainihinsa 1093 ne.

Yanzu dubi inda ka fesa shi. Hayaƙin da ke fita daga silindar injin fetur, in mota ta ɗauki kaya tana gudu, yakan kai digiri 700 zuwa 900 na Salshiyos. Jikin ƙarfen manifol bai kai haka ba, amma 400 zuwa 650 ba abin mamaki ba ne a doguwar tafiya da fasinja cike da kaya a but. Zafin yana raguwa yayin da hayaƙin ke tafiya baya, har ya zama tukunyar ƙarshe sau da yawa ba ta wuce 150 zuwa 250 ba. Shi ya sa na baya ya zauna, na gaba ya ƙone. Fentin da ka saya na jikin injin ne, an yi shi don bulo da murfin tof, wuraren da zafinsu bai kai na manifol ba.

A kasuwa, abin da ake kira fentin zafi ba iri ɗaya ba ne. Fentin jikin mota na yau da kullum yakan fara lalacewa da an haura digiri 100 da kaɗan, shi kam ba ya cikin wannan magana. Na jikin injin yana tsayawa a 260 zuwa 290. Sai mai rubutun 600 ko 650 na Salshiyos, wanda asalinsa don murhu da abin gasa nama aka yi shi. Wannan ya isa bututun tsakiya da tukunyar baya, kuma yakan yi haƙuri a manifol ɗin ƙaramar mota da ba a matsa mata. Wanda aka yi musamman don manifol shi ne mai rubutun 800 zuwa sama da 1000 na Salshiyos, ko 2000 na Faranhait, irin VHT FlameProof da Rust-Oleum High Heat na mota. Ka lura, Rust-Oleum suna da na murhu mai 1200 na Faranhait, sunan ya yi kama, don haka lambar za ka bi.

Abin da ya bambanta su shi ne ƙaron da ke riƙe da launin. Na fentin yau da kullum ƙaro ne mai cin wuta, yana ƙonewa ya bar launin ba abin da ke riƙe shi. Na manifol kuwa da silikon aka haɗa shi, in ya sha wuta sai ya rikiɗe ya zama siririn ɓawo mai kama da tangaran. Ka zaɓi baƙi marar sheƙi ko ruwan azurfa. Ja da shuɗi da fari suna da kyau ranar farko, amma su ne kan gaba wajen dusashewa.

Ranka ya daɗe, ni mai fenti ne a Birnin Kebbi. Na sayi mai 2000 ɗin da ake faɗa, na wanke manifol da fetur, na sa jan firaima, na fesa har sau biyar don ya yi kauri. Mako guda ya soma ɓarewa kamar ɓawon albasa, mai mota ya dawo da faɗa. Ina kuskurena?

Maigida, kuskure uku ka yi a aiki ɗaya, kuma duk ukun ɗabi'u ne da aka saba da su a fentin jikin mota, a nan kuwa illa suke yi.

Jan firaima ba ya jure ko rabin zafin manifol. Yana ƙonewa a ƙarƙashi, fentin sama kuma a kansa yake zaune, to ina zai tsaya? Fentin manifol a kan tsiraicin ƙarfe ake fesa shi, ko a kan firaima na kamfani ɗaya mai lamba ɗaya da shi. Haka ma fila, kada ta kusanci wurin.

Fetur kuma ba ya barin ƙarfe da tsabta. Yana narkar da maiƙo ya shimfiɗa shi siriri, ya bar nasa saura. Kananzir da man gas sun fi shi muni. Ga yadda ake yi. A kwance manifol daga mota, a cire gasket da sensa da faifan kare zafi. A wanke da ruwan zafi da omo da burushi, a ɗauraye, a shanya. In na ƙarfen zubi ne, irin mai nauyin nan na Golf da Peugeot da tsofaffin bas, to yana shan baƙin mai ya ɓoye a ƙananan ramukan jikinsa, kuma man zai fito ne ranar da ya yi zafi, ya ɗaga fentin daga ciki. Maganinsa a gasa shi tun kafin fenti, a bi shi da wutar gas a hankali ko'ina daidai har hayaƙin mai ya daina tashi, a bar shi ya huce da kansa. Kada a zuba masa ruwa, ƙarfen zubi yana tsagewa.

Daga nan sai cire tsatsa. Mafi kyau shi ne feshin yashi da kwamfiresa, don yana cire komai kuma yana barin ƙarfen da kaushin da fenti zai kama. Amma yashin gulbi yana da ƙurar da ke taruwa a huhu ta lalata shi har abada, kuma ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare ta. Garin alminiyam oksaid ko na dutsen ganet ake amfani da su, da takunkumi na gaske. Inda babu wannan, burushin waya a kan giranda ya fara, sannan samfefa mai lamba 80 zuwa 120 ta biyo, a shiga kowane lungu har ƙarfe ya fito fes. Burushin waya shi kaɗai yaudara ne, yana goge saman tsatsa ta yi sheƙi a ɗauka ta fita. Abu na ƙarshe, a goge da asiton ko tina mai kyau da farin ƙyalle, a yi ta canza ƙyallen har ya daina baƙi. Bayan nan kada hannu ya sake taɓa shi sai da safa, kuma a fesa a ranar. Da damina ƙarfen da aka kankare yakan yi jan tsatsa cikin 'yan sa'o'i.

Na uku shi ne kaurin. Manifol yana buɗewa in ya yi zafi, ya tsuke in ya huce, kullum haka. Siririn fenti yana bin sa, mai kauri kuwa tsagewa yake yi, kuma ruwan da ya maƙale a ƙarƙashinsa yana tafasa ya yi bororo. Kaurin da ake so bai kai na gashin kai ba. A girgiza gwangwani minti biyu bayan ƙwallon ciki ya fara ƙara. A riƙe shi nesa da ƙarfen kamar santimita 20 zuwa 30. Shafi na farko ya zama raɓa kawai, ana hango ƙarfe ta cikinsa. Bayan minti 10 a yi na biyu haka nan, bayan wasu 10 a yi na uku mai ɗan jiƙa wanda zai rufe launin. Shi ke nan, uku, kuma duk cikin awa ɗaya. In awar ta wuce, wasu kamfanonin sun ce a jira har kwana bakwai kafin a ƙara, in ba haka ba sabon ya yamutsa na ƙasa. Gwangwani ɗaya mai mililita 400 ya ishi manifol ɗin silinda huɗu. Mai silinda shida da manifol biyu, sayi biyu.

A rufe fuskar da gasket ke zama da tef, da ramukan kusoshi. Fenti a wurin zai ƙone daga baya ya bar giɓi, noti ya saki, hayaƙi ya fara tsirtowa.

Lokacin feshi ma yana da hukunci a ƙasarmu. A watan Afrilu da Mayu, da rana ta take a Birnin Kebbi zafi yakan haura 40, feshin yana bushewa a iska kafin ya sauka, sai ya zauna kamar gari, ka shafa ya biyo hannunka. Yi da sassafe a inuwa. Da hunturu ƙura ce matsalar, sai a yayyafa ruwa a ƙasa a tare iska. Da damina a jira ranar da gari ya washe. Gwangwanin kuma kada a bar shi cikin mota a rana, ba a so ya wuce digiri 50.

Saura abin da ba ka ambata ba sam, wato gasa fentin. Irin wannan fenti ko ya bushe bai nuna ba, farce ma yana kankare shi, fetur yana wanke shi. Wuta ce ke nunar da shi, kuma mataki-mataki. Bar shi ya kwana, ka ɗaura a hankali da sabon gasket, kana ɗaure notuna daga tsakiya zuwa gefe. Tayar da mota a sulo minti 10, kashe, ta huce minti 20. Sake tayarwa a sulo minti 20, ta huce minti 20. Sannan a yi tafiya ta minti 30 ba tare da matsa mata ba. Zai yi hayaƙi da wari, wannan daidai ne, a yi shi a fili. Wanda ya ɗaura ya hau titin Jega da gudu nan take ya tafasa fentinsa da hannunsa.

Oga, ni yaron gareji ne a Ƙauran Namoda. Na ji an ce gashi a tanda ya fi na kan mota. Akwai gidan burodi kusa da mu, ko in yi da wutar walda?

Gaskiya ne ya fi, ƙanena, domin a tanda zafi yana kama ko'ina daidai, a kan mota kuwa bakin manifol yana nuna alhali can ƙasa bai gama ba. Tsarin da VHT suka bayar shi ne digiri 121 na Salshiyos na minti 30, a huce minti 30, sai 204 na minti 30, a huce, sai 315 na minti 30, a huce. Amma tandar burodi a'a. Hayaƙin fentin guba ne, yana kama bangon tanda, gobe kuma abincin mutane za a sa. Wutar walda kai tsaye a kan fenti kuwa ƙona wuri ɗaya take yi ta bar wani ɗanye. In kana da ma'aunin zafi na hannu, irin mai kama da bindiga, kana iya hura wutar gas ta cikin bututun, ba ta waje ba, kana aunawa. In babu, tsaya a kan gashin sulo, ya wadatar.

Salamu alaikum. Ina da Camry mai silinda huɗu, ni ma'aikaciya ce a Gusau. An fesa wa manifol fenti ba tare da an kwance shi ba, tun ranar fitilar injin ta kama, motar kuma ta ƙara shan mai. Fentin ne?

Wa alaikumus salam, Hajiya. Yana iya zama shi, amma kada a canza komai sai an sa kwamfuta an karanta lambar matsalar. A jikin manifol ɗin motarki akwai sensa mai auna iskar da ta rage a hayaƙi, da ita kwamfutar mota ke sanin yawan fetur da za ta bayar. Silikon, wanda shi ne ƙashin bayan fentin zafi, yana kashe wannan sensa in ya kai ga bakinta, kuma fenti a jikinta na waje ko a soket ɗinta ma yana rikita ta. In an kwance ta aka ga bakin ya yi fari kamar alli, ta tafi, wanki ba ya dawo da ita.

Kafin a kai nan, bakanike ya duba abu biyu masu sauƙi: ko an cire soket ɗin an manta ba a mayar daidai ba, ko wayar ta taɓa ƙarfe mai zafi ta narke. In kuma lambar P0171 ta fito, a nemi inda iska ke shiga, har da tsagewa ko gasket mai yoyo a gaban sensar.

Don gaba, sensa da sifana mai lamba 22 ake kwance ta, a toshe raminta da tsohon bol ko takarda kafin feshi. Kuma wannan manifol ɗin a haɗe yake da tukunyar tace hayaƙi, wadda 'yan gareji ke kira indomi, don haka kada feshi ya shiga cikinsa ko kaɗan. Mu da za a tambaye mu tun farko, da mun ce a bar shi. Yana ƙarƙashin faifan kare zafi, ba mai ganinsa, kuma jan da yake yi na sama ne kawai.

Malam, Hilux gare ni, ina jigilar kaya tsakanin Yawuri da Zuru. Zafi yana dukan ƙafata daga ƙasa. Wani ya ce in naɗe manifol da ƙyallen zafi, wani ya ce rufin siramik. Wanne ya fi?

Alhaji, kafin ka kashe ko sisi, leƙa ka gani ko faifan kare zafi yana nan. Sau da yawa in ya fara ƙara sai a cire shi a jefar, alhali wannan siririn faifan da iskar da ke tsakaninsa da bututu sun fi kowane fenti tare zafi. A duba na kan manifol da na ƙarƙashin daɓen mota. In babu, a samo na gwanjo ko a yanka na alminiyam a ɗaura da tazarar kamar yatsa ɗaya. Fentin gwangwani kuwa aikinsa hana tsatsa da gyara fuska, zafin da yake tarewa bai taka kara ya karya ba.

Ƙyallen naɗi, na zaren gilashi ko na dutsen basal, yana rage zafin da ke fita sosai, wannan ba musu. Farashinsa shi ne zafin da ya hana fita yana komawa cikin ƙarfen, sai bututu ya gaji ya tsage, galibi a bakin walda. Yana kuma shan ruwa ya riƙe, kuma motar da ke ratsa kududdufai da laka da damina za ta ruɓar da bututun baƙin ƙarfe a ɓoye. Mafi haɗari, in murfin tof yana yoyon mai, ƙyallen yana sha ya zama lagwani. Kamfanonin manifol da yawa suna janye garantinsu in an naɗe. Wanda ya nace, ya fara yin fentin zafi ya gasa shi, ya jiƙa ƙyallen gilashi da ruwa don ya lanƙwasu, ya sa safar hannu saboda ƙaiƙayi, kowane zagaye ya hau na baya da kamar milimita 6, ya ɗaure da zoben ƙarfe marar tsatsa. A kan ƙarfen zubi kam ba mu ba da shawarar naɗi ba.

Siramik ya fi su duka daɗewa, amma sunan yana ruɗi. Gwangwanaye da yawa suna ɗauke da kalmar alhali fentin silikon ne da ɗan garin siramik a ciki. Na gaske iri biyu ne. Akwai na ruwa da ake fesawa da ƙaramar bindigar fenti, irin Cerakote mai bushewa da iska, wanda ke ɗaukar kwana biyar kafin ya gama nuna, kuma ba ya kama ƙarfen da ba a yi wa feshin yashi ba. Akwai kuma wanda ake narkar da garin siramik da wuta mai tsananin zafi a manna shi, irin aikin Zircotec a Ingila, na motocin tsere ne, kuɗinsa ba na motar jigila ba ne. Ga Hilux ɗinka, faifan kare zafi da fentin 2000 da aka yi bisa ƙa'ida sun biya buƙata.

Da dare na buɗe bonet na ga manifol ya yi ja kamar garwashi. Wane fenti zan sa? Daga Talatar Mafara.

Babu, ɗan'uwa. Ƙarfe yana fara nuna ja a duhu ne daga wajen digiri 525 zuwa sama. Bayan doguwar tafiya da kaya, ɗan ja kaɗan yana iya faruwa. In kuwa a sulo ko a ƙaramar tafiya yake yi, injin ne ba lafiya: taimin ya yi baya har fetur yana ƙarasa ƙonewa a cikin bututu, ko fetur ya yi ƙaranci a kan iska, ko indomi ta toshe, ko wani filogi ba ya ba da wuta. A gyara wannan tukuna, tun kafin ya ƙona bawul.

Allah ya gafarta Malam, ni manomin shinkafa ne a fadamar Argungu. Salansar injin ban ruwana takan ruɓe duk shekara, mai walda ya yi mini wata da bututun ruwa mai ruwan kwano. Wanga fenti zai yi a kanta? Da ta babur ɗina kuma da ta yi shuɗi a wuya.

Amin, Baba. Bututun ruwa mai ruwan kwano tutiya ce a jikinsa, kuma tutiya tana narkewa a digiri 420, ƙasa da zafin wuyan salansa. Za ta yi farin gari ta zube tare da duk fentin da aka sa mata. Hayaƙinta lokacin walda yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, mai waldan ma ya kiyaye. A yi da baƙin bututu, a kankare, a fesa mai 650 ko sama da haka shafi uku sirara, a gasa shi da kunna injin da kashewa kamar yadda muka faɗa a sama, ba tare da an sa masa aikin jan ruwa ba a zagaye biyun farko.

Sai dai ruɓar salansa yawanci daga ciki take farawa. Kowace lita ta fetur da ta ƙone tana fitar da kusan lita guda ta ruwa a matsayin tururi, in injin ya huce wani ya kwanta a ciki, ga kuma raɓar fadama da ruwan sama da ke shiga ta baki. Kifa gwangwanin madara a bakin salansar duk lokacin da aka kashe injin ya huce, a huda ɗan rami na milimita 3 a wurin da ya fi gangara don ruwa ya tsiyaye, in an gama noman rani kuma a ajiye injin a ɗaki, ba a bakin rijiya ba.

Shuɗin wuyan salansar babur ba tsatsa ba ne, launin da zafi ke ba ƙarfe mai sheƙi ne, daga ruwan zinariya zuwa shuɗi. In ya tsaya a wuya, bar shi. In ya yi ta gangarowa ƙasa, a duba kafireto, mai ya yi ƙaranci. Fenti ba ya kama wannan sheƙin sai an kashe shi gaba ɗaya da samfefa mai lamba 80, kuma in an kashe ba ya dawowa, don haka a yi shawara kafin a fara gogewa.